Mai Ajiya da Kaset Marar Shekara

Akwai wani mutum a wani gari wanda ikilisiya ta ba shi tsaron ɗakin ajiyarta. Ba rumbun hatsi nake nufi ba, ba kuma ɗakin da ake jibge karyayyun benci da fasassun ganguna ba. Ɗakin tsofaffin abubuwa ne: littattafan baftisma, da takardun aure, da hotunan masu bishara na fari, da wasiƙun da gara ta ɗanɗana ta bari, da kaset-kaset na wa'azi da waƙoƙi waɗanda aka tattaro daga majami'un ƙauyuka. Abubuwan da ke ciki sun haura dubu goma sha uku. Kowanne da lambarsa a jikinsa, kowanne a kwalinsa, kwalayen kuwa jere hawa-hawa a kan katakai har kusa da rufi. Babu suna a jikin kwali, sai lamba. In kana so ka san abin da lamba take ɗauke da shi, sai ka tambayi kwamfutar da ke kan tebur a bakin taga.

A cikin kwamfutar nan akwai wata manhaja da aka yi musamman domin irin wannan aiki. Ita ce take riƙe da sunan kowane abu, da wanda ya kawo shi, da shekararsa, da layin da yake kwance. Ka rubuta suna, ta ba ka lamba, ka tashi ka ɗauko. Waɗanda suka yi ta suna wata ƙasa mai nisa, mai ajiya bai taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba. Amma ba su yar da aikin hannunsu ba. Lokaci lokaci sukan gano wani kuskure a cikinta, su gyara, su aiko da gyaran. Sai ɗan saƙo ya fito a kusurwar fuskar kwamfuta yana cewa, "Akwai sabon gyara." A ƙarƙashinsa kuwa wurin dannawa biyu ne. Ɗaya ya ce, "Karɓa yanzu." Ɗayan ya ce, "Sai an jima."

Matar mutumin nan, sunanta Afiniki, ita ce ta shigar da abubuwan nan duka a cikin manhajar. Shekara goma sha ɗaya suka yi a kan aikin, shi yana sauko da kwalaye yana karanta mata, ita tana bugawa da yatsu biyu, tabarau a ƙarshen hanci. Mace ce mai tsantseni har takan ba mutum haushi. Wata rana wata tsohuwa ta kawo hoton masu baftisma a bakin ruwa, aka tambaye ta shekarar da aka ɗauke shi, ta ce, "Shekarar da kogi ya cinye gada."

Mijin ya ce, "Ki sa wata shekara mana, wa zai zo ya ƙirga?"

Afiniki ta ce, "Maigida, ba na yi wa matattu ƙarya."

Ta rubuta maganar tsohuwar yadda ta faɗe ta a wurin bayani, ta bar wurin shekara ba komai. Haka take yi da duk abin da ba a san shekararsa ba. Irin waɗannan kuwa su ne mafi tsufa, kayan mutanen da suke ƙirga zamaninsu da fara da yunwa da ambaliya.

Tana da wata al'ada kuma. Kowace Litinin ta farkon wata, kafin ta taɓa wani aiki, sai ta yi kwafin komai a ɗan faifan ajiya, sa'an nan ta karɓi gyaran da aka aiko. Mijin yakan tsokane ta, ya ce saƙon mutanen da ba ta sani ba ya fi nasa saƙon samun amsa da wuri. Ita kuwa takan ce manhaja ɗakin ciyawa ce, in ba a yi mata baibaya ba, damina za ta shigo ta gaishe ka har kan gado.

Ana nan, wata Litinin cikin bazara ta karɓi gyara kamar yadda ta saba, ta kashe kwamfuta, ta ce kanta yana sara mata, za ta je gida ta ɗan kwanta. Ba ta ƙara zama a kujerar nan ba. Kafin watan ya ƙare aka yi mata jana'iza.

Sa'ad da kwanakin makoki suka wuce, mai ajiya ya koma bakin aiki. Ya buɗe taga, ya share ƙura, ya zauna a kujerarta, ya kunna kwamfuta. Sai ga rubutu a saman koren shafi, "Sannu da aiki, Afiniki," gama da sunanta aka buɗe manhajar tun farko. Ya daɗe yana kallon kalmomin nan huɗu. A gida an riga an raba zannuwanta ga 'yan'uwa, an mai da tukwanenta ɗakin suruka, a majami'a wata ta gaji wurin zamanta. Nan ne kaɗai ya rage a duniya inda ake kiran sunanta kowace safiya kamar tana nan. Kewa ta kama shi ƙwarai.

Yana cikin haka, ɗan saƙon ya fito a kusurwa, "Akwai sabon gyara." Mai ajiya ya tuna gyara yakan zo da sauyi. Wani lokaci launi ya canja, wani lokaci abin da ke dama ya koma hagu. Ya ce a ransa, "Yadda ta bar shi, haka zai zauna. In na karɓa gaisuwar nan ta ɓace fa?" Sai ya danna "Sai an jima." Kashegari ma haka. Jibi ma haka. Bai ce ba zai karɓa ba, ku lura, shi dai an jima ya ce. Har yatsansa ya saba, yana dannawa ba tare da idonsa ya kalli wurin ba, kamar mai korar ƙuda daga bakin ƙwarya.

Ga abin da bai sani ba. Gyaran ƙarshe da Afiniki ta karɓa ya zo da wani ɗan kuskure a maƙale, gama masu yin manhaja ma 'yan adam ne. Duk abin da aka bar wurin shekararsa ba komai, in an neme shi ba ya fitowa. Ba a share shi ba, yana nan a ciki, amma manhajar takan tsallake shi ta ce babu. Masu ita sun gano wannan kafin mako uku, suka gyara, suka aiko da gyaran tare da ban haƙuri. Saƙon ke nan da mai ajiya yake kora kowace safiya.

Da kaka ta yi, aka gama kai amfanin gona gida, sai wani tsoho ya zo daga wani ƙauye a bayan duwatsu da ake kira Gidan Kanya. Sunansa Baba Zakka. Ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa kamar mai shiga wuri mai tsarki, ya ajiye ƙunshin gyaɗa a kan tebur, suka gaisa. Sa'an nan ya faɗi abin da ya kawo shi. Matarsa Keziya ita ce take ba da waƙa a zumuntar mata ta ƙauyensu. Wata shekara wani mai bishara ya zo da rikoda ya ɗauki waƙarsu a kaset. Daga baya fastonsu ya tattara kaset-kaset ya kawo ɗakin nan. Keziya kuwa ta rasu shekara shida ke nan.

Ya ce, "Fuskarta ina da ita a hoto, ɗana. Muryar ce ta fara kuɓuce mini. In na kwanta ina nemanta a kaina, sai in ji ta wasu matan. Sau ɗaya nake so in ƙara ji."

Mai ajiya ya ce, "A wace shekara aka ɗauka, Baba?"

"Shekarar da giwaye suka tattake mana dawa."

Mai ajiya ya rubuta Keziya. Keziya goma sha huɗu suka fito, ba ta Gidan Kanya a ciki. Ya rubuta sunan ƙauyen, littafin baftisma ya fito, takardun aure suka fito, kaset bai fito ba. Ya ce, "Babu, Baba."

"Fastonmu ya ce da hannunsa ya kawo."

"Matata ce ta shigar da komai. Abin da ba ta rubuta ba, bai shigo ɗakin nan ba."

Tsohon ya dubi kujerar, ya dubi tabaran mace da ke ajiye a gefen tebur. Ya ce, "Taka ma ta tafi?"

"Ta tafi, Baba."

"To, ka san abin da nake nema ke nan." Ya sa takalminsa, ya kama hanya.

Kaset ɗin kuwa yana kwance a layi na bakwai, taku goma bai cika ba daga inda tsohon ya zauna. Rashin sani, in ji masu magana, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami. Mai ajiya bai tashi ya bi kwalaye ɗaya ɗaya ba, gama kaset sun fi dubu uku, ba abin da ke jikinsu sai lamba. Banda haka, a ganinsa bincike da hannu zargin aikin Afiniki ne, shi kuwa ba zai zarge ta ba.

Da kaka ta zagayo, Baba Zakka ya komo da wani ƙunshin gyaɗa. Ya ce, "Na ce bari in leƙo, ko injin ya tuna." Aka rubuta, aka duba, babu. Ya zauna ya huta, ya sha ruwa, ya ba da labarin yadda Keziya takan fara waƙa tun tana daka, har maƙwabta su riƙa amsa mata ta bayan danga. Mai ajiya shi ma ya ba da labarin tasa. Sa'an nan suka yi sallama, mutum biyu da ciwo ɗaya yake damunsu.

A kaka ta uku ya sake zuwa, wannan karo da sanda. Da aka gaishe shi sai ya karkato kai ya ce, "Ɗaga murya, ɗana, kunnen hagu ya fara yi mini gardama." Mai ajiya ya kunna kwamfuta, ɗan saƙon ya fito, ya danne shi kamar kullum. Tsohon ya ga wani abu ya gilma, ya ce, "Me ya ce?"

"Ba komai, Baba. Haka yake damuna kowace safiya."

Aka rubuta Keziya, goma sha huɗun nan suka fito. Tsohon ya jinjina kai. Ya ce hanyar ta fara yi masa nisa, amma in Allah ya kai rai zai gwada baɗi. Mai ajiya ya raka shi har bakin titi, yana jin tausayinsa da gaske, bai kuwa san shi ne yake tsaye tsakanin tsohon da abin da yake bege ba.

A damina ta huɗu aka yi wani ruwa da iska, kwano ɗaya ya ɗaga, rufi ya fara yoyo a kusurwar gabas. Da safe mai ajiya ya shiga janye kwalaye. Gindin wani kwali ya jiƙe, ya ɓarke, hotuna suka zube a ƙasa. Yana tsince su sai ga hoton masu baftisma a bakin ruwa, wanda tsohuwar nan ta kawo. Ya tuna ranar sarai, ya tuna gardamar da suka yi. Marmari ya kama shi ya karanta abin da Afiniki ta rubuta a kansa, don kawai ya ji kamar tana magana. Ya zauna, ya buga lambar hoton. Manhaja ta ce babu.

Ya sake bugawa a hankali, lamba ɗaya ɗaya. Babu. Wannan kam da idonsa ya ga ta shigar da shi, yana tsaye a bayanta. In manhajar za ta iya cewa babu a kan abin da yake riƙe a hannunsa, to, sau nawa ta ce babu a kan abin da yake nan? Fuskar Baba Zakka ta faɗo masa a rai.

Ɗan saƙon yana nan a kusurwa. Ranar ce ta fari da ya buɗe shi ya karanta. Jerin gyare-gyare ne mai tsawo, na shekara uku, sababbi a sama, tsofaffi a ƙasa. Ya bi su har can gindi, sai ya iske an rubuta, "Mun gyara kuskuren da yake ɓoye duk abin da ba a sa masa shekara ba. Ku gafarce mu, ku karɓi wannan da gaggawa." Ya duba ranar da aka aiko shi. Makon da ake zaman makokin Afiniki ne.

Ya ja aljihun tebur yana neman faifan ajiya, aljihun da ya guji buɗewa tun da ta tafi. Faifan yana nan, naɗe cikin wata 'yar takarda mai rubutun hannunta: "Maigida, in ba na kusa. Ka fara yin kwafi. Sa'an nan ka karɓa. Kada ka tsaya kana zare masa ido, je ka sha ruwa, zai gama." Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Ya yi kwafi. Ya dubi gaisuwar nan ta saman koren shafi, ya karanta ta da ƙarfi sau ɗaya, sa'an nan ya danna "Karɓa yanzu."

Gyaran shekara uku ba ya shiga da ƙiftawar ido. Sai da la'asar ta yi kafin ya gama. Abin da mai ajiya yake tsoro kuwa ya faru, ba zan ɓoye muku ba. Koren shafi ya zama fari, abin da ke dama ya koma hagu, gaisuwar ta tafi, ba ta kuwa dawo ba. Amma da ya duba jimillar kayan ɗakin, sai ya ga abu ɗari huɗu da goma sha biyu sun ƙaru. Ya buɗe ɗaya, ya buɗe wani. A ƙarƙashin kowanne sabon shafin ya nuna, "Shigarwar Afiniki," ga kuma bayaninta da irin maganarta: shekarar fara, shekarar da aka haƙa rijiyar majami'a, shekarar da kogi ya cinye gada. Aikin da ta fi yi da hankali, shi ne ya kulle shekara uku yana cewa yana tsare mata.

Ya rubuta Keziya. Goma sha biyar suka fito. Ta ƙarshen ta ce, "Zumuntar matan Gidan Kanya. Keziya matar Zakka take ba da waƙa. Shekarar giwaye. Murya mai daɗi ƙwarai."

Bai jira kaka ba. Ya ɗauko kaset ɗin daga layi na bakwai, ya juye waƙar a katin memori, ya sa a ƙaramin rediyo. Ran kasuwa ya shiga motar ƙauye, inda mota ta tsaya ya ƙarasa da ƙafa cikin taɓo. Rana tana tsaka ya isa Gidan Kanya. Ya iske Baba Zakka a gindin itace yana tufka igiya. Ya yi sallama, tsohon bai ɗago ba. Ya ƙara da ƙarfi, shiru. Sai 'yarsa Lidiya, wadda take kula da shi, ta fito daga gida da hannu duk gari.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ai Baba ba ya ji. Tun zazzaɓin da ya kwantar da shi da rani kunnuwan suka toshe duka biyu. Ko tsawa aka yi sai dai ya ga walƙiya."

Mai ajiya ya matso kusa da rediyo a hannu. Tsohon ya ɗago ya gane shi, fuskarsa ta washe. Ya ga rediyon, ya saki igiya. Ba abin da ya rage sai a kunna. Tulun kiɗa ya fara bugawa, kacau-kacau suka shiga, sa'an nan wata murya ta tashi, siririya, mai ƙarfi, ta mace a tsakiyar ƙuruciyarta:

"Ku ajiye mini ruwa a randa, ina tafe, ina tafe."

Lidiya ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe baki da zane. Tsohon ya dubi fuskarta, ya dubi ta mai ajiya. Ya ce da babbar murya, irin ta wanda ba ya jin kansa, "Ita ce?"

Lidiya ta gyaɗa kai.

Ya karɓi rediyon da hannu biyu. Ya kai kunnen dama. Ya kai na hagu. Ya girgiza shi kaɗan, ya sake kaiwa. Sa'an nan ya buɗe wuyan rigarsa, ya manna shi a ƙirji, ya rufe ido. Muryar ba ta isa gare shi ba, amma bugun tulun ya ratsa ƙashi. Ya fara kaɗa kai. Ya ce, "Wannan hannun Saraya ne, mai buga musu tulu, kullum cikin gaggawa take." Ya bi bugun yana ƙirgawa da yatsa, da wurin amshi ya zo sai ya shiga daidai, da tsohuwar muryarsa mai rawa, "Ina tafe, ina tafe." Yana amsa wa matarsa, ba ya kuwa jin ta.

Da waƙar ta ƙare ya buɗe ido ya ce, "Na gode, ɗana. Ashe injin ya tuna. Da bara ne, da na ji da kunnena."

Ba da zargi ya faɗa ba, yadda manomi yake cewa da ruwan ya ƙara mako ɗaya, haka ya faɗa. Mai ajiya ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, ba injin ba ne, ni ne. An aiko mini gyara tun kafin zuwanka na fari, na ƙi karɓa. Ka gafarta mini." Lidiya ta ji. Tsohon bai ji ba. Ya ga hawaye kawai, ya ɗauka kewar matarsa ce ta motsa masa. Ya ɗora masa hannu a ka, ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. Taka ma tana can, za ka ji ta." Sa'an nan ya ce wa Lidiya ta ɗebo wa baƙo gyaɗa.

To, jama'ar Allah, ga ma'anar wannan misali. Ɗakin ajiya zuciyar mutum ce, cike da abubuwa masu daraja da aka ba shi amana. Manhajar ita ce irin ganewar da muke duban kanmu da mutane da ita. Ba wanda tasa ba ta da kuskure, ko fasto ko dattijon ikilisiya, ko ni da nake tsaye a gabanku. Bambancin ɗaya ne: masu manhaja su suka yi kuskuren da suka gyara, amma wanda ya yi mu bai yi kuskure ba, mu muka shigo da namu. Duk da haka bai yar da aikin hannunsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Yana aiko da gyara ta Maganarsa, ta wa'azin da ya taɓa ka har ka fara duban agogo, ta bakin matarka, ta bakin ɗan'uwan da ya ja ka gefe bayan sujada. Ba kasafai muke cewa a'a ba, mun fi wayo. Sai an jima muke cewa.

Ku lura, mutumin nan ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Ƙauna ce ta hana shi, shi ya sa labarinsa yake ba ni tsoro. Mu ma muna da abin da muke riƙe da shi saboda wanda ya bar mana. Haka babana yake yi. Haka muka tarar a majami'ar nan. Haka nake tun ina yaro. Muna jin in muka bari aka gyara, mun ci amanar waɗanda suka rigaye mu. Amma Afiniki da kanta kowane wata take karɓar gyara. Iyayen da muke fakewa da sunansu, da ba su yarda an gyara su ba, da bishara ba ta iso gare mu ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba na ce ba za ka rasa komai ba, gaisuwar nan ta tafi. Amma ya ba da layin rubutu ɗaya, aka mayar masa da ɗari huɗu da goma sha biyu.

Abin da ya fi nauyi shi ne wannan. Wanda ya ƙi gyara ba shi kaɗai yake shan wahalar ƙin ba. Mai ajiya ne yake dannawa, Baba Zakka ne yake hawan duwatsu yana komawa hannu wofi. Akwai wanda yake zuwa ƙofar zuciyarka shekara da shekaru yana neman abu ɗaya. Wataƙila ɗanka ne yake neman kalmar yabo. Wataƙila ƙanwarka ce take neman ka ce, na yi kuskure. Kana duba ciki kana cewa babu, da gaskiya kake faɗa, alhali abin yana nan a layi na bakwai, gyaran da ka ƙi ne ya ɓoye shi.

Allah mai haƙuri ne, saƙon yana nan a kusurwa har wa yau, bai gaji da aikowa ba. Ranar da ka karɓa zai shiga, ko bayan shekara talatin ne. Amma kunnen wanda yake jiranka ba zai jira ba. Saboda haka wanda aka taɓa masa zuciya da safen nan, kada ya ce sai an tashi sujada, kada ya ce sai kaka. Ya je ya faɗi maganar tun mai ita yana iya ji.